Auren Zumunci a Ɗakin Karnuka

Wani dare, jim kaɗan bayan sallar isha'i, aka ji wani sauti yana tashi daga bayan wani gida a Sevran, can gefen birnin Paris. Ba haushi ba ne, ba kuma kukan jariri ba. Ya fi kama da sarewar kara wadda ta tsage, ana busa ta a hankali. Sai ya ɗauke, sai ya dawo. Malam Bukari, wanda danga ɗaya ce ta raba gidansa da wannan gida, ya leƙo ya ce, "Alhaji, lafiya dai? Ko tsuntsaye ka koma kiwo?"

Mai gidan ya ce iska ce take shiga bututun ruwa. Ya san ba iska ba ce.

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan sauti a kunnenku, za mu dawo gare shi. Mu fara da godiya ga Allah, wanda ya halicci abubuwa iri-iri, har da waɗanda ba mu taɓa tsayawa mun duba ba.

An yi wani mutum, shi ne mai wancan gida. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma Allah yana son a rufa wa bawansa asiri. Mutumin Tahoua ne, ɗan kasuwa, yana tara kaya a Paris yana aikawa gida. Allah ya yi masa ni'ima. Ya ba shi gida mai fili, abin da da yawa daga cikinmu ba mu samu ba a ƙasar nan. Ya ba shi mace ta gari, Hajiya Halimatou. Ya ba shi ƙane, Nouhou, mai butik, wato shago, a unguwar Guillotière ta birnin Lyon. Ubansu ɗaya. Uwar Nouhou Bazabarma ce daga Dosso, kuma a gidan mahaifinsu ba wanda ya taɓa kawo wannan magana.

Wata shekara mutumin nan ya je ganin gida. Wani tsohon Buzu, aminin mahaifinsu, ya ba shi kyautar 'yar kwikwiyo, irin karnukan farauta na Azawagh. Wanda bai taɓa ganin irin karen nan ba, akwai wani abu da bai gani ba a duniya. Doguwar ƙafa, siririn ciki, ana ganin haƙarƙarinsa ko da ya ƙoshi. Launinsa launin rairayi da hantsi. Idan ya tsaya, sai ka ce yana sauraren wata magana daga nesa. Idan ya yi gudu, ƙafafunsa duka huɗu suna barin ƙasa lokaci guda, ya rataya a iska ɗan kaɗan kafin ya sauko. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ƙera shi.

Wani zai ce, me ya kawo kare cikin wa'azi? Malamai sun yi bayani a kan karen farauta da karen gadi, a tambaye su. Abin da na sani, halittar Allah ce, tana jin yunwa, tana jin ciwo, kuma za a tambayi wanda ya ɗaure ta.

Da tsohon Buzun zai miƙa masa ita, ya ce masa abu biyu. Ya ce, "Irin wannan ba a sayar da ita, kyauta ake yi. Kuma idan lokacinta na barbara ya yi, kada ka nema mata a gida. Ka kai ta nesa, zangon da ba namu ba."

Mutumin ya sa mata suna Barewa, ya zo da ita Faransa.

To, mutanen ƙasar nan suna da wata al'ada mai ban mamaki. Kare yana da asali a rubuce, uba da kaka da kakan kaka, abin da wasunmu 'yan Adam ba mu da shi. Kuma idan kare ya girma, akwai ranar da ake kai shi gaban alƙali, su suna ce mata konfirmasiyo. Alƙalin zai buɗe bakin kare ya duba haƙora, ya auna tsayinsa, ya shafa bayansa, ya sa a zaga da shi ya ga tafiyarsa. Idan ya gamsu, an yarda wannan kare ya haihu, a rubuta 'ya'yansa cikin masu asali. Idan bai gamsu ba, karen zai ci abincinsa ya yi rayuwarsa, amma zuriyarsa ba ta shiga lissafi.

Aka kai Barewa, alƙali ya gan ta ya cire tabarau ya sake sawa. Aka karɓe ta.

Da lokacinta ya yi, mutumin nan ya tuna maganar tsoho. Ya sa ta a mota ya kai ta can bakin teku, gidan wata Baturiya mai irin wannan kare. Barewa ta haihu lafiya. A cikin 'ya'yan akwai namiji ɗaya da ya fi sauran, aka sa masa Guguwa. Duk gasar da aka kai Guguwa, da kofi yake dawowa. Turawa masu kiwo suka fara kiran mutumin nan a waya, suna tambayar ra'ayinsa. Wanda jiya ake duba takardunsa a bakin tashar jirgi, yau ana miƙe masa tsaye.

Ya 'yan uwa, wannan wurin godiya ne. Da ya ce alhamdu lillahi ya tsaya nan, da ba ku ji labarinsa a bakina ba.

Amma sai ya zauna yana kallon kofunan da ke falonsa, wani tunani ya shige shi. Ya ce a ransa, wannan kyau daga gidana ya fito. Me zai sa in kai shi waje a gauraya mini shi? Sai ya haɗa Guguwa da 'yar'uwarsa, ciki ɗaya. 'Ya'yan suka fito kamar an zana su, kowane kamar ubansa. Da suka girma, ya haɗa Guguwa da 'yarsa. Ya fara sayarwa kuma. Maganar tsoho duka biyu ya taka su.

Malam Bukari ya taɓa tambayarsa ta saman danga, "Alhaji, wannan da wancan ba uba da 'ya ba ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Auren zumunci ne, Malam. Namu na gida. Ba ma ba bare."

Maganar ta yi masa daɗi a baki, har ta zama wasansa. Duk baƙon da ya zo, sai ya zaga da shi ɗakin karnuka ya ce, "Nan auren zumunci muke yi."

Ana nan sai babbar salla ta zo. Nouhou ya hau jirgin ƙasa daga Lyon ya zo cin naman layya gidan yayansa, kamar yadda ya saba. Ana zaune a tabarma, Malam Bukari yana nan, da wasu 'yan gari. Hajiya Halimatou ta kawo gasasshen haƙarƙari da yaji.

Nouhou ya ce, "Yaya, albishirinka. Ni ma na samo kare, daga wani zango can wajen In Gall. Na sa masa Baƙo. Ka ba ni aron mace ɗaya ta yi 'yan kwanaki a Lyon, mu cika maganar tsohon nan."

Mutumin ya ce, "Wa ya haife shi?"

"Kare da karya mana, Yaya."

Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ta soke shi.

Ya ce, "Yana da takarda?"

"Takarda dai babu tukuna. Ƙafafu ne da shi. Na ga ya kamo zomo kafin mai shi ya gama kiran sunansa."

Mutumin ya ajiye ƙashin da ke hannunsa ya ce, "Ba na haɗa jinina da bare."

Kun ji? Jinina ya ce. Ya kai inda ba ya bambanta jininsa da na karnukansa.

Nouhou ya ce a hankali, "Yaya, ai maganar karnuka muke."

"Kai da wane baki za ka koya mini asali? Ai kai ma rabinka bare ne."

Nouhou ya wanke hannu, ya leƙa kicin ya ce, "Hajiya, Allah ya karɓi layya, an gode." Ya sa takalmi ya nufi tasha. Bayan haka ya yi ta kira a waya, ba a ɗauka. Ya aiko saƙon gaisuwa da azumi, ba a amsa. Da matarsa ta haihu, ya aiko da ranar suna, ba wanda ya je sai Hajiya Halimatou, ita ma da dabara.

Ku duba wannan abu, ya 'yan uwa. Mutum ya ɗauki zumunci daga cikin falonsa, inda Allah ya ce a ajiye shi, ya kai shi ɗakin karnuka, inda Allah bai ce ba.

Allah mai jinkiri ne. Bai kama shi nan take ba. Ya aiko masa da alamu ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace alama rahama ce. Karyar da uwarta ke haifar 'ya'ya cike da kwando, ita sai ta haifi biyu, ɗaya a mace. Wani ya girma haƙoransa ba su cika ba. Wata ta zama matsoraciya, ko ganye ya faɗi sai ta yi fitsari. Likitan dabbobi ya ce masa jinin ya yi kusa da yawa, ya nemo namiji daga waje. Ya canza likita.

Sai daren nan da muka fara da shi. An haifi wani ɗan kwikwiyo gandarsa a tsage. Idan ya kama nono, madarar ta hanci take fitowa. Idan ya ja numfashi, iska tana bi ta tsagin tana yin wannan busa. Mutumin ya ɗauke shi a tafin hannu, ya ji zuciyarsa tana bugawa kamar ta tsuntsu. Ya ɗiga masa madara da cokali, ta dawo. Kada ku ce ba ya son dabbobin nan. Yana son su, har hawaye ya yi. Amma da maƙwabci ya tambaya, iska ya ce. Kafin rana ta yi tsaka washegari busar ta tsaya, ya haƙa rami a gindin danga.

Hajiya Halimatou ta same shi yana wanke shebur. Ta ce, "Alhaji, don girman Allah ka kira Nouhou. Wannan karo na nawa ke nan kake haƙa rami?"

Ya ce ta kula da tukunyarta.

A cikin waɗannan shekaru, masu kula da asalin karnuka su ma suka ga ɓarnar da irin wannan haɗi ke yi a ko'ina. Suka hana a haɗa uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko 'yan ciki ɗaya. Wanda ya yi, ba za a rubuta 'ya'yan ba. Mutumin ya ce Turawa ba za su koya masa zumunci ba. Amma a ransa ya san hanya ta ƙuntata. Fatansa ya rage a kan kare ɗaya, Yarima, wanda aka haifa kafin dokar. Guguwa ne ubansa, Guguwa ne kuma kakansa. Idan alƙali ya karɓi Yarima, zuriyar Barewa za ta ci gaba da sunan gidansa. Idan ya ƙi, ta ƙare.

Ikon Allah, a Lyon aka sa taron duba karnuka na wannan shekarar.

Ya shiga babban zauren da Yarima a igiya. Karnuka ko'ina, wasu an taje su, wasu an sa musu riga, wani ma ana goge masa haƙora da buroshi. Can gefe ya hango Nouhou tsaye da wani jan kare mai tabo a kunne. Ya ji ana cewa da safe wani alƙali ya duba karen nan na daji, ya karɓe shi a matsayin sabon tushe, don irinsa suke nema ido rufe. Ya kawar da kai kamar bai ji ba.

Aka kira shi. Alƙaliyar wata dattijuwa ce mai furfura. Ta buɗe bakin Yarima, ta daɗe tana dubawa. Muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, haƙora ba su cika ba. Ta ce a zaga da shi. Suka fara zagawa, Yarima yana tafiya kamar ba ya taka ƙasa, har mutane suka fara tafi. Sai ya tsaya cak. Idanunsa suka juye. Ya faɗi a gefe yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa. Farfaɗiya ce, wadda mai shi ya daɗe yana gani a gida yana ɓoyewa.

Mutum na farko da ya tsallake igiyar fili shi ne Nouhou. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya tura ƙarƙashin kan karen don kada ya bugu da siminti. Ya ce, "Yaya, riƙe masa ƙafa, bari in kira likita."

Mutumin ya ture hannun ƙanensa.

Alƙaliyar ta matso ta ce masa ƙasa-ƙasa, don kada jama'a su ji, "Yallaɓai, wannan kare bai kamata ya haihu ba. Ka tausaya masa."

Daga nan abin ya gangara. Ƙungiyar masu kiwo ta dakatar da shi. Waɗanda suka sayi karnuka a hannunsa suka fara dawowa da su, wannan yana faɗuwa, wancan ya makance. Masu kiransa a waya suka daina. Ya bar kasuwarsa yana jinya a ɗakin karnuka, abokan ciniki suka koma wajen wasu. Guguwa ya tsufa ya mutu a cinyarsa. Yarima ya faɗi wata rana bai tashi ba. Sauran, likita ya yi musu allurar barcin da ba a farkawa, don wahalar ta yi yawa.

Aka rage mace ɗaya, 'yar ƙarama da ya raina tun tana jaririya, bai taɓa haɗa ta da kowa ba. Ƙarama ma ake ce mata. Ita kaɗai ce ba ta faɗuwa. Hajiya Halimatou ta ji yana waya yana neman wani ɗan Guguwa da ya sayar tun tuni, zai karɓo shi ya haɗa su. Ranar da ya fita, ta kira Nouhou. Nouhou ya rufe butik, ya kamo hanya da mota, ya ɗauki Ƙarama.

Da mutumin ya dawo ya ga keji a buɗe, ya dubi matar da suka yi shekaru tare ya ce, "Ashe ke ma bare ce." Ta haɗa kayanta ta koma Tahoua wajen 'yan uwanta.

To, ya samu abin da yake nema. Gida ya zama tsarkakakke. Babu bare ko ɗaya a ciki. Shi kaɗai ne, da kofuna, da kejina babu kowa.

Ya 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Ba kare ba ne. An ba shi kyauta, ya manta kyauta ce. Ya ɗauka daga jininsa alherin ya fito, alhali daga hannun wani tsoho ya fito a wani zango mai nisa, tsohon kuma daga Allah. Barewa kanta ai baƙuwa ce a ƙasar nan. Shi ma baƙo ne. Da alƙalin farko ya ce ba ya karɓar bare, ina kofi ɗaya zai fito?

Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana auren ɗan baffa da 'yar baffa. Allah ya halatta shi, gidaje da yawa masu albarka a kansa suka tashi. Amma wanda ya halatta shi ne ya sa iyaka, ya haramta uwa da 'ya da 'yar'uwa tun kafin wani likita ya san abin da ke cikin jini. Yau har gwajin jini ake yi kafin aure, wannan ma ni'ima ce, mu karɓa da godiya. Zumunci kuwa ba ƙofa ba ce da ake rufewa don kada na waje ya shigo. Zumunci shi ne ka ɗauki waya idan ƙanenka ya kira. Allah ya yi mu ƙabilu daban-daban don mu san juna. Wa ya ba ka izinin auna rabin ɗan'uwanka?

Ku ji kuma rahamar Ubangiji. A Villeurbanne, can gefen Lyon, gidan Nouhou, Ƙarama ta haihu da Baƙo, karen nan mai tabo a kunne. Duk sun rayu. Bakunansu a daidai, idanunsu garau. Na gan su da idona a wani fili kusa da kogi, suna tsere, suna rataya a iska kamar yadda aka ce Barewa tana yi. Ɗalibai suna sauka daga jirgin ƙasa na cikin gari suna tsayawa kallo. Zuriyar da girman kai ya kusa binnewa a gindin danga, baƙo ne ya tashe ta. Alhamdu lillahi. Nouhou bai sayar da ko ɗaya ba.

Da aka yaye su, ya zaɓi mace mafi kyau, mai farin tabo a ƙirji irin na Barewa. Ya sa ta a kwando, ya kamo hanyar Sevran. Ya iso da la'asar. Tagogin gidan a rufe, ciyawa ta cinye filin. Ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa.

Mutumin yana ciki, tsaye a bayan ƙofa. Ya gane muryar.

Nouhou ya ce, "Yaya, ni ne. Na kawo maka jikar Barewa. Kyauta ce, kamar yadda tsoho ya ce."

'Yar kwikwiyon ta yi ɗan kuka a cikin kwando. Mutumin ya kasa kunne, yana jiran ya ji busar nan ta tsagaggiyar sarewa. Babu ita. Kuka ne cikakke, na mai lafiya da ke jin yunwa. Ya ɗora hannu a kan makulli. Hannun ya tsaya nan.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai da yanke zumunci. Allah ya sa mu gane kyauta tun tana hannunmu, mu gode. Wanda hannunsa ke kan makulli, Allah ya ba shi ƙarfin murɗawa tun mai sallama bai juya ba. Allah ya kiyaye mu daga ranar da za a yi mana irin tambayar da aka yi a wannan ƙofa, mu rasa amsa.

Don Malam Bukari ya ji ƙwanƙwasar ta yi yawa, ya fito da butarsa ta alwala a hannu. Ya dubi Nouhou, ya dubi kwandon, ya dubi ƙofar. Sai ya ɗaga murya ta saman danga ya ce:

"Alhaji, wannan da ya taso tun daga Lyon yake tsaye a ƙofarka, wane rabin nasa ne kake jira ya tafi?"